Yadda ake zaɓen masu ba da shaida kafin intabiyun neman aiki

Mai neman aiki yakan kwashe makonni yana shirin intabiyu, amma sunayen mutum biyu ko uku da ke ƙasan takardar bayaninsa, wato waɗanda za a tuntuɓa a ji halinsa da yadda yake aiki, sai ya rubuta su a gurguje. Ta nan kuwa aiki yakan suɓuce wa mutum bai san dalili ba.

Ka zaɓi wanda ya ga aikinka da idonsa. Malamin da ya duba kundin bincikenka a jami'a, ko shugaban makarantar da ka koyar a shekarar bautar ƙasa, ya fi maka amfani a kan wani babban mutum da bai san ka ba sai ta bakin mahaifinka. Idan aka kira shi ya ce "wane yaro ke nan?", magana ta ƙare. 'Yan'uwa kuma, komai muƙaminsu, ba a cika karɓar shaidarsu ba.

Kada ka sa sunan kowa sai da izininsa. Idan da hali ka je da ƙafarka, ku gaisa, sannan ka ce: "Malam, ina neman aiki a wuri kaza, ina roƙon ka yarda in sa sunanka cikin masu ba da shaida a kaina." Idan ka ga yana jan ƙafa, ka yi godiya ka nemi wani, domin shaidar da aka bayar ba da son rai ba a murya ake gane ta. Wanda ya amince, ka ba shi kwafin takardar bayaninka, ka tabbatar lambar waya da imel ɗin da ka rubuta su ne yake amfani da su yanzu, kuma da zarar an gayyace ka intabiyu ka sanar da shi, saboda mutane da yawa ba sa ɗaukar baƙuwar lamba.

Ka bambance mai shaida da garanto. Mai shaida abin da ya sani kawai zai faɗa, garanto kuwa fom yake cikawa ya sa hannu cewa zai ɗauki alhaki idan ka jawo asara, abin da bankuna da kamfanonin da ma'aikatansu ke riƙe kuɗi suka saba nema. Wanda ya yarda da na farko ba lallai ne ya yarda da na biyu ba, don haka ka fito masa da maganar fili.

Ranar intabiyu ka isa da wuri, riƙe da ainihin takardunka da kwafinsu: na makaranta, na haihuwa, na ƙaramar hukuma, da na kammala bautar ƙasa, ko ta keɓewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu. Idan aka tambaye ka dalilin barin aikinka na baya, ka faɗi gaskiya a taƙaice ba tare da kushe tsohon maigidanka ba, domin wataƙila shi za a kira gobe. Idan kuwa har yanzu kana wurin kuma bai san kana neman wani aikin ba, ka roƙi masu ganawar su dakata da tuntuɓarsa har sai sun yanke shawarar ɗaukarka.