Kurakuran da ke sa gini ya tsaya a Sakkwato

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara aiki da kuɗin fandisho kaɗai, a ce sauran zai zo. Gini ya kai linta sai ya tsaya, rodin da ke waje ya yi tsatsa, siminti kuma ya ƙara tsada. Kafin a sa diga a ƙasa, injiniya ya fitar da adadin siminti, rodi, bulo da tipar yashi na kowane mataki. A rubuta cewa ɗan kwangila zai karɓi kuɗinsa ne idan mataki ya kammala: fandisho, linta, dakin (kankaren da ake zubawa a saman gini), rufi. Kuɗin kafin alƙalami idan ya yi yawa, wani aikin yake tafiya.

Sai rashin duba lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba leburori da dama suna komawa gona, kogin Rima ya cika, yashi ya yi wuya, tipa ta maƙale a taɓo. A tara yashi da tsakuwa tun Afrilu, a kuma sa azumi da hutun Sallah cikin lissafi. Siminti kam kada a tara shi da wuri: idan ya haura wata 3 a ajiye ƙarfinsa na raguwa, kuma masana'antar siminti ta Kalambaina na nan kusa. Rodi ne ke zuwa daga nesa, shi za a yi oda da wuri.

Gaggawa ma tana jawo jinkiri, kuma nan ne aka fi asara. A zafin Afrilu, sama da digiri 40, kankaren da aka zuba da rana tsaka yakan tsattsage; idan ya fara ƙamewa wajen zubi kuma sai lebura ya ƙara ruwa don ya yi laushi, ƙarfin ya tafi. A zuba da asuba ko da yamma. A haɗin 1:2:4 (siminti, yashi, tsakuwa), buhun siminti 1 yana cin kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. A riƙa ba kankaren ruwa aƙalla kwana 7, saboda haka a tanadi tanka tun kafin ranar zubi. Kada a cire katakon da ke tallafe da dakin kafin kwana 21 sai da izinin injiniya; wanda ya cire da wuri, fasawa zai yi ya sake.

Mai gida kuma ya gama shawara da iyalinsa a kan zane kafin a kai shi hukumar tsara birni ta sa hannu. Bututun wayar lantarki da na ruwa a shimfiɗa su kafin a zuba dakin.