Kurakuran da masu ƙananan karnuka masu gashi ke yawan yi a Sakkwato

A 'yan shekarun nan ana ƙara ganin ƙananan karnukan nan masu yalwar gashi a gidajen Sakkwato: Lhasa, Pomeranian, da wanda masu sayarwa ke kira Eskimo. Yawanci yara ne ke nacewa sai an saya musu. Matsalar ita ce mai gida yakan riƙe shi kamar karen gadi ko na farauta da muka saba da shi, alhali kakannin Lhasa daga duwatsun Tibet suka fito, Pomeranian kuwa daga yankin sanyi tsakanin Jamus da Poland.

Zafi na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su a nan. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan kan wuce digiri 40, shi kuwa kare ba ya zufa a jiki irin tamu, da haki yake sanyaya kansa. Gidaje da yawa ba sa shigar da kare ɗaki, kuma wannan fahimtarsu ce ta addini da ya kamata a girmama. Amma rashin shigar da shi ɗaki ba hujja ba ce ta ɗaure shi a kejin kwano a tsakar gida. Kejin kwano da azahar tanda ne. A nema masa baranda mai iska ko gindin dogon yaro, ƙasa mai sanyi, da ruwan randa da ake sauyawa sau biyu ko uku a rana. Yawo kuma sai da sassafe ko bayan magariba. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta ko siminti. In ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. Idan ka ga hakin ya tsananta, miyau na dalala, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa, ka jiƙa cikinsa da hammatarsa da ruwa mai ɗan sanyi, sannan ka garzaya da shi wurin likitan dabbobi.

Daga nan sai tausayi ya kai mutum ga wani kuskuren: a aske shi tas don ya sha iska. Ni ma na yi wa nawa haka a bazarar farko, kuma har yau ina jin zafin abin. Pomeranian da Eskimo gashinsu hawa biyu ne, na saman yana kare fata daga rana. In aka aske, rana ta ƙona fatar, gashin kuma wani lokaci ba ya dawowa yadda yake. Nawa ya yi watanni da tabo-tabo a bayansa. Gyaran shi ne taza, kusan kullum, har mataji ya kai tushen gashi, musamman bayan kunne da hammata inda yake cuɗewa. Lhasa dai ana iya rage masa tsawo da almakashi. Lokacin hunturu ƙura kan sa mutane su riƙa yi masa wanka kullum da omo ko sabulun wanki, fatar ta bushe ta tsattsage. Sau ɗaya a sati uku ko huɗu ya isa, da sabulun karnuka, a kuma busar da shi sosai.

Abinci kuwa, ragowar miya da tsire ake zuba masa. Mu nan albasa ba ta yanke mana a tukunya, ita kuwa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ko ɗanye ko dafaffe. Ƙashin kaza da aka dafa yana tsagewa ya soki hanji. Ɗan kwikwiyo kuma cikinsa ƙarami ne, sai an ba shi kaɗan-kaɗan sau uku zuwa huɗu a yini.

Kada ka yarda da "an yi masa allura" daga bakin mai sayarwa in babu kati mai sa hannun likita. Rigakafin farko a sati 6 zuwa 8 ake yi, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai kusan sati 16. Allurar ciwon haukan kare tana zuwa a wata uku, ana sabunta ta duk shekara, kuma wannan kariya ce ga yaran gidan ma. Kafin a kammala, kada a fita da shi titi, domin cutar fabo mai sa amai da zawon jini tana daɗewa a ƙasa.

Da damina kaska ke yawa, balle a gidan da ke da tumaki. Wasu sai su fesa masa fiya-fiya, ko su shafa masa baƙin mai, ko su ba shi farasitamol in jikinsa ya yi zafi. Karen da bai fi kilo uku ko biyar ba, kaɗan daga waɗannan ya isa ya hallaka shi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a cikin garin nan. A kai shi a auna nauyinsa, likita ya rubuta maganin kaska daidai da kilonsa.