Babi na 7: Cike Takardar Tallafin Taki

Darasi na 1: Tallafi ne ko bashi?

Kafin ka dangwala yatsa a kan kowace takarda, tambayi malamin gona: wannan tallafi ne ko bashi? A 2012 gwamnatin tarayya ta fara turo wa manoma saƙo ta waya, mutum ya je wurin dillali ya karɓi buhu 2 na taki a rabin kuɗi. Wannan rangwame ne, ba a biyo ka daga baya. Shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, shi kuwa bashi ne da a lokacin ake biya bayan girbi. Tambaya ba abin kunya ba ce.

Darasi na 2: Lambobi

Nan ne ake faɗuwa, don haka nan za mu zauna.

Ɗauko katin ɗan ƙasa. Lambar NIN ɗinka guda 11 ce. Lambar BVN ta banki, ita ma 11. Lambar waya, 11. Lambar asusun banki kaɗai ce 10.

A takardar za ka ga ƙananan akwatuna a jere. Akwati ɗaya, lamba ɗaya. Fara daga hagu ka tafi dama, ba kamar yadda muke rubuta allo ba. Ɗora yatsa kan lambar farko, rubuta ta, sannan ka matsar da yatsan. Kada ka haddace uku ka zuba su lokaci guda. Ɗaya bayan ɗaya.

Ka gama? Madalla. Yanzu ƙirga da ƙarfi har 11. Idan 10 ka samu, in ba lambar asusun banki ba ce, ɗaya ta gudu, yawanci sifilin farkon lambar waya ne. Sifili lamba ce, a ba shi akwatinsa. Duba 6 da 9: wutsiyar 6 a sama take, ta 9 a ƙasa. Sake ƙirgawa. Miƙa wa maƙwabcinka shi ma ya ƙirga maka.

Baba, kada hannunka ya yi sanyi, kowa a ajin nan haka ya fara. Amma fa haba jama'a! Mutumin da ke lissafin buhunan albasa a Goronyo da ka, ko ɗaya bai ɓace masa, shi ne zai kawo mini lambar waya guda 9? Mako uku ke nan muna kan wannan. Kwamfuta ba ta san ɗan gidan wane ne kai ba; lamba ɗaya ta kuskure, saƙonka ya tafi wayar wani. Goge, a sake. Akwati ɗaya, lamba ɗaya, a ƙirga har 11.

Darasi na 3: Suna

Rubuta sunan da ke kan katinka, harafi da harafi. Ko da duk Wurno Mamman ake kiran ka, idan katin ya ce Muhammadu, Muhammadu za ka sa.

Darasi na 4: Saƙon waya

Layin da ka rubuta lambarsa a takardar, bar shi a cikin wayarka, kada yaro ya tafi da shi Sakkwato. Saƙo ya shigo, kada ka goge. Wanda ya kira yana neman lambar sirrin katin banki, kashe wayar.

Darasi na 5: Ranar karɓa

Tafi da katinka da wayarka a cike da caji. Ƙirga buhunan kafin ka sa hannu.