Yadda Ake Renon Irin Lambu a Tsofaffin Gwangwanaye da Robobi

Tumatir da tattasai da attarugu da gauta sun fi yin kyau idan aka rene su suka yi ƙwari kafin a dasa. Manoman rani na yankin Bakolori suna ware kwami guda domin wannan aiki, amma mai ɗan fili a tsakar gida, a Gusau ne ko Ƙauran Namoda, gwangwanin madara da ledar fiya wata da gorar lemo da tsohon bokiti sun ishe shi.

Kafin komai, a san abin da mazubin ya taɓa ɗauka. Jarkar maganin ƙwari ko ta maganin ciyawa ko ta baƙin mai ba ta shiga wannan aiki, ko sau nawa aka wanke ta. Sauran kuwa a wanke su da sabulu, a yanke su yadda zurfinsu zai kai santimita 8 zuwa 10, sannan a huda gindin kowanne da ƙusa wuri uku ko huɗu. Wannan hujin shi ne ran aikin, domin ruwan da ya kwanta a ƙasan gwangwani yana hana saiwa shan iska, kuma yana jawo cutar da ke ruɓar da karan tsiro daga gindi, a wayi gari an tarar da shi kwance.

Sai batun ƙasa, wanda a ganina ya fi mazubin muhimmanci. A haɗa ƙasar saman gona kashi biyu da rairayi kashi ɗaya da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu kashi ɗaya, a tankaɗe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, laka zalla kuwa daskarewa take yi idan ta bushe. Mu a Zamfara akwai ƙarin abin lura: gubar dalmar da ta halaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ta bazu ne ta ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Saboda haka kada a ɗebo ƙasa daga inda aka taɓa niƙa ko wanke irin wannan dutse, balle a kawo ta inda yara ke wasa.

A jiƙa ƙasar tukuna, a sa ƙwaya biyu ko uku a kowane mazubi a zurfin da bai wuce rabin santimita ba, a rufe sama-sama. Tumatir kan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, attarugu kuwa yana iya kai mako biyu ko uku, don haka kada a yi gaggawar zubar da shi. Ban ruwa da yayyafi ake yi. Gorar da aka huhhuda murfinta da allura ta wadatar. A taɓa ƙasar da yatsa, in da danshi a dakata.

Da sun tsiro suna bukatar hantsi, in ba haka ba sai su yi ta tsawo sirara ba ƙarfi. Sai dai gwangwani yana ɗaukar zafi, musamman a bazara, saboda haka a janye shi inuwa da rana tsaka. Mai son noman rani ya fara reno wajen Oktoba, shukarsa ta riski sanyin hunturu. Kaji da ƙadangaru kuma tsohon gidan sauro ne maganinsu.

Idan ganye na gaske ya fito, wato wanda ke biyo bayan ƙananan ganye biyu na farkon tsiro, a bar tsiro mafi ƙarfi a tsinke sauran. Tumatir yana isa dashe bayan mako uku zuwa huɗu, sa'ad da ya yi ganye huɗu ko biyar, tattasai da attarugu sai mako biyar zuwa shida. Mako guda kafin nan a rage musu ruwa, a riƙa ƙara musu lokacin zama a rana domin su saba. A nan ledar fiya wata ta fi gwangwani, don tsaga ta kawai za a yi da reza, tsiron ya fito da ƙasarsa a dunƙule. Karas kuwa ba ya jure dashe ko kaɗan, a shuka shi inda zai zauna. A yi dashen da yamma bayan la'asar, a danna ƙasa a gindin tsiron, a ba shi ruwa nan take.