Aikin bazara a tsibiran Shetland: abin da sabon zuwa zai tarar

Ɗalibin da ke zaune a Aberdeen ko Glasgow, da zarar watan Mayu ya kama zai fara cin karo da tallar aiki daga Shetland: otal na neman mai gyara ɗakuna ko mai taimako a kicin, masana'antar kifi na neman ƙarin hannu, sau da yawa har da alkawarin wurin kwana. Shetland tarin tsibirai ne kusan 100 a can ƙuryar arewacin Sikotland, 16 ne kawai ke da mutane, dukansu kuma wajen 23,000. Babban garin, Lerwick, bai wuce mutum 7,000 ba. Duk inda ka tsaya a ƙasar, teku ba ta fi nisan mil 3 daga gare ka ba. Mai niyyar zuwa ya sani tun daga gida cewa a can iska da jirgi da hasken rana ne ke tsara wa mutum yininsa, kuma yawancin wahalar da baƙo ke sha daga raina ɗaya cikin ukun nan take fitowa.

Kafin ka ce ka karɓi aiki, duba takardarka. Mai bizar karatun digiri a Birtaniya awa 20 ake ba shi a mako lokacin da makaranta ke ci, cikakken aiki sai a hutu. Nan ne 'yan digiri na biyu ke faɗawa rami: watannin Yuni zuwa Agusta da suke rubuta kundin bincike, jami'o'i da yawa ba sa lissafa su a matsayin hutu. Nemi wasiƙa daga ofishin ɗaliban ƙasashen waje wadda ta faɗi ranakun hutunka ƙarara, ka ajiye. Sai maganar ɗaki. Daga Afrilun 2025 zuwa Maris 2026 mafi ƙarancin albashi ga ɗan shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa, kuma abin da doka ta bari mai aiki ya lissafa maka na wurin kwana fam 10.66 ne a rana, wato fam 74.62 a mako. Ana sabunta waɗannan kuɗaɗe duk Afrilu. In albashinka mafi ƙarancin ne aka kuma cire fiye da haka, an ci haƙƙinka. A rubuta maka kuɗin ɗakin, ko da wuta da ɗumama a ciki, da kwana nawa za a ba ka ka tashi in aikin ya tsaya. Haya na da wuya a tsibirin, wanda ya rasa aiki yakan rasa makwanci a rana ɗaya.

Hanyar da ta fi sauƙin kuɗi ita ce jirgin ruwan NorthLink daga Aberdeen. Yana tashi da ƙarfe 7 na yamma, ko ƙarfe 5 a ranakun da yake biyawa ta garin Kirkwall na tsibiran Orkney, ya isa Lerwick da 7:30 na safe. Ɗakunan kwana na cikin jirgin suna ƙarewa da wuri a bazara, wanda ya makara sai kujera. Maganin jiri ka sha shi tun kana ƙasa, awa ɗaya ko biyu kafin tashi. In ka bari sai ciki ya fara juyawa, aman zai fito da shi. Wajen asuba, tsakanin tsibirin Fair Isle da kudancin Shetland, ruwan yakan yi hauka ko da sama tana garau. Akwai jirgin sama zuwa Sumburgh, mil 25 kudu da Lerwick, inda titin mota ke ratsa titin saukar jirgi, har da shinge kamar na layin dogo. Sai dai hazon teku na bazara kan hana jirgi sauka yini guda cur, don haka kada ka sa ranar fara aikinka ta zama washegarin tafiya.

Kayan cefane ka yi su a Aberdeen, inda 'yan Najeriya suke da yawa saboda harkar mai, akwai shagunan halal da na kayan gida. Garin tuwo, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, man ja: ka ɗauki na wata uku, jirgin ruwa ba ya takura wa mutum kan kaya kamar na sama. Lerwick na da manyan kantunan Tesco da Co-op, amma a ƙananan tsibirai shago ɗaya ko biyu ne, kaya kuma sun fi tsada.

Kalmar bazara kada ta ruɗe ka. A Yuli zafin rana da kyar yake wuce digiri 14 ko 15, wato kwatankwacin asubahin hunturu a Kano, ga iska mai ɗauke da danshi, ga ba bishiyar da za ta tare ta, domin tsibiran kusan fili ne fetal, ciyawa da tumaki. Lema ba ta da amfani, iska za ta juya ta a fitar farko. Tufafi hawa uku ake sawa: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, domin auduga in ta sha gumi sanyi take riƙewa, suwaita ta ulu a tsakiya, sai rigar ruwa mai hula a sama, da wandon ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa. Kaftani da jallabiya a bar su a ɗaki ranar iska. 'Yan'uwa mata su nemi hijabi gajere mai shiga cikin rigar ruwa, dogon mayafi a bakin gaɓar dutse hatsari ne na gaske. Man kaɗanya kuma ya fi ƙarfin a manta da shi, musamman ga mai wanke hannu sau ashirin a yini.

Abin da ya fi gigita baƙo shi ne haske. A wajen 21 ga Yuni rana na fitowa a Lerwick da misalin 3:40 na dare, ta faɗi bayan 10:30, kusan awa 19 ke nan. Sauran awa biyar ɗin ma ba duhu ba ne, wani irin jan haske ne kamar na bayan magariba da ba ya gushewa, mutanen wurin suna kiransa simmer dim. A makon farko za ka ji ƙarfi a jika, ka kai ƙarfe ɗaya ido biyu, a mako na biyu ka fara gyangyaɗi a bakin aiki. Sayi ƙyallen rufe ido, ka toshe taga da baƙin labule ko kwali, ka bi agogo ka daina bin sama.

Sallah ma nan take shigowa. Tun da shafaƙi ba ya ɓacewa, lokacin isha'i da na asuba ba sa bayyana yadda muka sani, manhajar waya kuma takan ba da lokutan da ba su da kan gado sai an gyara mata lissafin ƙasashen arewa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da malamai suka bayar ita ce raba dare kashi bakwai. A tsakiyar bazara daren Shetland awa biyar ne da 'yan mintuna, kashi ɗaya ya kama minti 43 ko kusa, sai isha'i ta faɗo wajen 11:15, asuba wajen 2:55. Wasu suna bin lokacin gari mafi kusa da alamomin ke bayyana, wasu malaman Turai kuma sun yi sauƙin haɗa magariba da isha'i ga mai takura. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi tun kafin ka tafi, ka tsaya kan hanya ɗaya. Mai shiga aiki ƙarfe 7 dole ya raba barcinsa biyu, ya ƙara da ƙailula bayan tashi. Alƙibla daga Lerwick kudu maso gabas take, kusan digiri 125 a kamfas. Musulmi kaɗan ne, a tsibiran Unst ko Yell kana iya zama kai kaɗai. Kifi kam sai wanda ka zaɓa. A karin kumallon ma'aikata ka kiyayi tsiran alade da wani baƙin curi da ake yi da jini, ka gaya wa mai dafa abinci tun ranar farko, ba sa ɗaukar hakan da zafi.

Aikin kifi ya fi kawo kuɗi saboda yawan awoyi, amma jirgin masunta ne ke yanke lokacin. Bazara lokacin shawa ne, titus kuma sai kaka da hunturu; su ne dai irin kifin ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwanninmu. In jirgi ya sauke kaya za a iya yin awa 12 a tsaye cikin sanyi, in bai zo ba a ce ka koma gida, don haka ka tambayi awa nawa aka lamunce maka a mako. Doka ta ba ka hutun minti 20 in aiki ya wuce awa 6, da awa 11 tsakanin tashi da komawa. Sa safa biyu cikin takalmin roba, da siririn safar hannu ƙarƙashin ta roba. Yankan ƙaya ko wuƙa, komai ƙanƙantarsa, a wanke a rufe a kuma faɗa wa shugaban layi, domin ciwon da ya taɓa ruwan kifi saurin ruruwa gare shi. Asibitin tsibiran, Gilbert Bain, yana Lerwick. In ba gaggawa ba ce a kira 111.

Wanda aikinsa ya faɗa Unst, tsibiri na ƙarshe a arewa mai mutum ɗari shida da wani abu, jirgin fito biyu zai shiga: Toft zuwa Ulsta minti 20, ya ratsa Yell, sannan Gutcher zuwa Belmont minti 10. Bas ba ta da yawa, ranar Lahadi kuwa kusan babu. Hanyoyi da dama na mota ɗaya ne da wuraren kaucewa, tumaki na kwanciya a kan kwalta, kuma duk wanda ya kauce maka sai ka ɗaga masa hannu. Kowa ya san kowa. Baƙo suna ce masa soothmoother, wato wanda ya shigo ta bakin kudu na tashar Lerwick. Za ka ji peerie, ƙarami, da muckle, babba. A gefen hanya akwai firji cike da kek babu mai tsaro, ka ɗauka ka jefa kuɗi a gwangwani. Ranar Lahadi ƙauyuka kan yi shayin taron jama'a a zaurensu don tara kuɗin gari, nan ne wuri mafi sauƙi na sabo da mutane ga wanda ba ya shiga mashaya.

Ranar hutunka ta tsuntsaye ce. A Hermaness, ƙarshen Unst, tafiyar kamar awa ɗaya a kan katakon da aka shimfiɗa bisa ƙasa mai laka za ta kai ka gaɓar dutse mai tsayin mita 170. Wari zai riga ido isa, sannan ƙara, sannan ka ga duwatsun sun yi fari fat da solan, babban farin tsuntsu mai fiffike kusan mita 2, wanda ke naɗe fiffiken daga sama ya soki ruwa kamar mashi. Daga nan ana hango hasumiyar fitilar Muckle Flugga, wadda aka gama a 1858. A bakin ciyawa kuma ga tammie norie, ɗan gajere mai baƙin baya da farin ciki, baki ja da rawaya kamar na aku, yana fitowa daga rami da ƙananan kifaye jere a baki. In ka zauna shiru zai zo taku biyu daga ƙafarka. Farkon Agusta suke komawa teku, kada ka jinkirta. Wanda ba ya iya kai wa Unst zai same su a Sumburgh Head.

Ba dukansu ke da kirki ba. Bonxie, ƙaton tsuntsu mai ruwan ƙasa, yana kawo wa kai farmaki kamar shirwar mahauta in ka kusanci sheƙarsa. Ɗaga sanda ko hannu sama da kanka, ka ci gaba da tafiya kan hanya. Tirrick, ƙaramin fari mai wutsiya biyu da ke zuwa daga can kudancin duniya kowace shekara, shi har jini yake fitarwa. Maalie kuwa tofo wani mai yake yi mai warin da ba ya fita daga riga. Murar tsuntsaye ta yi musu ɓarna sosai a 2022, don haka mushen tsuntsu ba a taɓa shi. Ɗaukar ƙwai ko kama tsuntsu laifi ne a dokar kare namun daji ta 1981, ko da guda ɗaya ne. Wani ɗan tsuntsu mai farin gindi da ke tsalle a kan katangun dutse, idan sanyi ya shigo, Afirka kudu da Sahara yake komawa, har da yankinmu na Sahel.

Karen ruwa ana ganinsa a gaɓar Yell idan teku ta janye, in ka tsaya ta inda iska ba za ta kai masa ƙanshinka ba. Orka, manyan dabbobin teku masu baƙi da fari, sukan biyo gaɓa suna farauta, mutanen gari na sanar da juna ta Facebook. Ƙananan dawakin Shetland masu gashi suna da masu su, ba a ba su abinci. Maciji babu. A tsibirin Mousa akwai hasumiyar dutse mai mita 13 da ta haura shekara 2,000 a tsaye, ba siminti ba laka. St Ninian's Isle kuma wata siririyar hanyar farin yashi ce ta haɗa shi da babban tsibiri, teku dama da hagu. Ruwan yana da kyau a ido, amma ko a Agusta bai fi digiri 12 ko 13 ba, faɗawa ciki farat ɗaya na ɗauke numfashi ko ga gwanin iyo. Ciyawar bakin gaɓa tana da santsi, ƙasan wani wurin rami ne. In hazo ya rufe ka, tsaya inda kake har ya yaye. Sabis na waya yana ɗaukewa a irin waɗannan wurare, saboda haka ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowa. Lambar gaggawa 999 ce, ka ce a haɗa ka da masu tsaron gaɓa.

Tikitin komawa ka saye shi tun a Yuli, ka bar kwana biyu tsakaninsa da ranar buɗe makaranta, domin daga ƙarshen Agusta iska na ƙara ƙarfi, akan ɗage tashin jirgi. Kafin ka bar aiki ka karɓi takardar P45 mai nuna albashinka da harajin da aka cire, ka duba an biya ka kuɗin hutun da ka tara, ka kuma duba ko an cire maka haraji fiye da ƙima: wanda duk abin da ya samu a shekarar haraji bai kai fam 12,570 ba yana iya neman hukumar haraji ta HMRC ta mayar masa da abin da aka cire.