Darasi na 9: Ƙarafan da Ke Riƙe Keke da Babur Kada Su Faɗi

Keke da babur taya biyu gare su. In ka sake su a tsaye sai su kwanta. Amma da zarar sun fara tafiya, sai ka ga yaro ƙarami yana tuƙa keke daga unguwar Aboabo har Asawase a nan Kumasi bai sa ƙafa a ƙasa ba. Me ke riƙe shi?

Kafin mu ci gaba da karatu, kowa ya ɗauki sanda ya tsayar da ita a tafin hannunsa. In ta karkata hagu, hannunka ya bi ta hagu. In ta karkata dama, ya bi ta dama. Ba ƙarfi ne ke tsayar da ita ba, bin ta da kake yi ne. Haka mai keke yake yi. Keke na karkata kaɗan, shi kuma yana juya kan keken wajen da ya karkata, sai tayoyi su koma ƙarƙashin jikinsa. Yana yin haka kowane lokaci ba tare da ya sani ba. In babu gudu, wannan gyara ya fi wuya. Shi ya sa faɗuwa ta fi yawa a wuri uku: wajen tashi, wajen tsayawa, da cikin cunkoso inda ake tafiya a hankali. A nan ne ƙarfe ke da amfani.

Ƙananan tayoyin koyo

Kowa ya san su. Tayoyi ne guda biyu ƙanana da ake ɗaurawa a jikin tayar baya ta keken yara, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Suna cire wa yaro tsoro, ya koyi taka feda da kama birki. Wannan amfani ne na gaskiya.

Amma akwai abin da ba sa koyarwa, kuma shi ne babba. Keke ba ya shan kwana sai ya karkata ciki. Waɗannan tayoyi kuwa aikinsu hana karkata. Yaron da ya saba da su, in ya zo kwana sai ya jingina waje, ya ɗora nauyinsa kan ƙaramar tayar. Ranar da aka cire su, dole ya manta wannan ɗabi'a ya fara sabon koyo.

Sannan ku dubi lungunanmu na Zongo. Ina wuri mai laushi kamar tabarma? Ga rami, ga dutse, ga inda ruwan sama ya zaizaye jar ƙasa, ga kwata a buɗe. In ƙananan tayoyin biyu suka hau tudu, ramin kuma yana tsakiya, babbar tayar baya sai ta rataya a iska. Yaro ya taka feda, keke bai motsa ba. Ya kama birkin baya, bai kama komai ba. In a gangara ne, abin ba daɗi. Saboda haka in za a ɗaura su, kada su zauna daram a ƙasa duka biyun. A bar tazara kamar kaurin yatsa ɗaya a kowane gefe, yadda keken zai iya ɗan lilo. Yaro yana ƙwarewa, ana ƙara ɗaga su sama. A riƙa duba noti kowane mako, don girgiza na kwance shi.

Babba kada ya ɗaura na yara a kekensa. An yi su don nauyin yaro ne. Za su lanƙwashe, kuma a tsakiyar tafiya za su yi hakan.

In babba yana son koyon keke

Da yawa a ajin nan ba su samu damar koyo suna yara ba, musamman iyayenmu mata. Babu kunya a ciki. Wanda ya zauna koyon baƙi da wasali da furfura a kansa, keke ba zai gagare shi ba. Hanyar da na fi yarda da ita ba ta bukatar sayen komai. Cirewa ma ake yi, ba ƙarawa ba.

A samo sifana mai lamba 15 a kwance feda duka biyun. Ga yadda ake yi: ɗora sifanar tana kallon sama, ka tura ta wajen tayar baya. Haka a dama, haka a hagu. Fedar hagu zarenta a juye yake, shi ya sa mutane da yawa ke ƙara ɗaure ta suna zaton kwancewa suke yi. Ku duba jikin kowace feda, za ku ga harafi. R ta dama ce, L ta hagu. Ku rubuta haruffan nan biyu a littafinku, za ku bukace su ranar mayarwa.

Bayan haka a sauke sirdi har tafin ƙafafunka biyu su zauna a ƙasa kana zaune. A nemi fili, kamar filin makaranta bayan an tashi, ko filin ƙwallo da sassafe. Ka zauna, ka tura da ƙafa kamar mai tafiya. Da farko taku gajere. Daga baya ka tura da ƙarfi ka ɗaga ƙafafun, ka ƙirga: ɗaya, biyu, uku. In keke ya karkata, ka sa ƙafa. Idanunka su kalli gaba can nesa, ba tayar gaba ba, domin inda ido ya kalla can hannu ke kai keke. Ranar da ka iya ƙirga goma ƙafafunka a sama, kuma ka sha kwana hagu da dama a haka, a mayar da feda. Abin da ya rage kaɗan ne.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Kakan keke, wanda wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera a shekarar 1817, ba shi da feda ko ɗaya. Da ƙafa ake tura shi.

Mai taimaka wa mai koyo kada ya riƙe kan keken. In ka riƙe kan, kai ne ke tuƙi, shi bai koyi komai ba. Ka tsaya a gefe, hannunka kusa da bayansa. Hajiya ta tattare zani da hijabi, Malam ya naɗe babbar riga, don sarƙa da wayoyin taya ba sa barin tufa mai reto.

Ƙarfen kafe babur

Babur irin Boxer ko Haojue ya wuce kilo 100 tun kafin a ɗora masa kaya. In ya fara kwantawa, ba kowa ke iya tare shi ba. Yana da ƙarfen kafewa iri biyu. Na gefe yana hagu. Na tsakiya shi ne mai ɗaga tayar baya.

Na gefe ya fi sauƙi, shi ne kuma ya fi jawo ɓarna. Kumasi gari ne mai tudu da gangara. In za ka kafe babur a gangara, kansa ya kalli sama, ka bar shi a giya ta ɗaya. In kansa ya kalli ƙasa, zai iya gangarawa gaba, ƙarfen ya naɗe, babur ya zube. Da damina ƙasa na yin taushi, ƙarfen ya nutse a hankali kana cikin masallaci. Ɗan guntun katako a ƙarƙashinsa ya isa.

Babban haɗari shi ne tashi ba a ɗaga shi ba. Kana tafiya miƙe ba za ka ji komai ba. Kwanar hagu ta farko, ƙarfen ya caki kwalta, ya jefar da kai. Wasu babura suna da maɓallin da ke kashe inji in ƙarfen yana ƙasa, amma da yawa daga cikin namu ba su da shi. Ka mayar da shi al'ada: bisimilla, ɗaga ƙarfe, sannan tada inji. In sifirin ɗinsa ya saki har yana reto, a canja shi ranar, kada a ɗaure da roba.

Na tsakiya shi ake sawa in za a ɗaura kaya masu nauyi ko a shafa wa sarƙa mai. Da ƙafa ake taka shi, nauyin jikinka ya yi aikin. Kada ka ɗaga babur da bayanka.

In babur yana tangal-tangal ko yana jan gefe guda, ba ƙarin taya yake nema ba. A duba iskar taya, da boris na wuya, da wayoyin taya, da shokazoba.

Taya uku, da wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi

Akwai ɗan uwanmu da shan inna ta taɓa, akwai mai ciwon gwiwa, akwai dattijon da ƙafarsa ba ta iya tare babur a wajen tsayawa. Waɗannan su ne suka fi cancantar ƙarfe ya taimake su, kuma ba daidai ba ne a ce musu su haƙura su zauna a gida. Akwai keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Akwai kuma babur da ake ƙara wa tayoyi biyu a baya. A ƙasashen waje har da tayoyin da ke sauka in za a tsaya, su naɗe in an tashi, kuma a 2017 kamfanin Honda na Japan ya nuna babur na gwaji mai tsayawa da kansa. Mu dai abin da ke hannunmu shi ne masu walda da makanikai na Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci ta Kumasi, kuma akwai gwanaye a cikinsu.

Sai dai a riƙe wannan da kyau: da zarar abu ya zama taya uku, ya daina zama babur. Ba ya karkata. In ka sha kwanar dama da gudu, nauyi ya tafi hagu, tayar dama ta tashi sama. Abin da ke kifar da aboboya, mai taya uku na ɗaukar kaya, da pragya, mai taya uku na ɗaukar fasinja, ke nan. Ana rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakanin tayoyi, marasa nauyi a sama. In hanya ta karkata wajen kwata, shi ma zai riƙa jan can. Kuma bayansa ya fi gabansa faɗi, inda kai ya wuce ba lallai baya ya wuce ba. Tsohon mai babur ya fi sabon shiga shan wahala a nan, domin jikinsa ya saba da karkata. Ko ka shekara ashirin a kan babur, ka koma fili ka sake koyo.

In ka je wurin mai walda, ka yi magana dalla-dalla: "Masta, a jikin me za ka ɗaura ƙarfen? Birki zai kama yadda ya kamata? In na shiga rami, babbar tayar za ta taɓa ƙasa?" Wanda ya san aikinsa zai nuna maka da hannu. Kafin a taɓa babur mai lamba kuma, ka je ofishin DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi da rajistar ababen hawa ta Ghana, ka tambayi yadda canjin zai shafi takardunka. Lasisin babur shi ne mai harafin A, sai wanda ya kai shekara 18 ake ba shi. Hular kwano wajibi ce ga direba da wanda ya goya.

Aikin gida

1. Rubuta wurare uku da aka fi faɗuwa da keke ko babur.
2. Wace feda ce mai harafin L?
3. Babur yana gangara. Ina kansa zai kalla in za a kafe shi?
4. Nemi keke ko babur a gidanku ko a maƙwabta. Ka taɓa ƙarfen kafewarsa ka ji ko yana reto, ka matsa taya ka ji iskarta. Rubuta abin da ka gani a jimla biyu, ka zo da shi aji mai zuwa.