Ƙarfin doki, ƙarfin murɗa da litar inji: inda masu manyan motoci ke yin tuntuɓe

Idan ana cinikin babbar mota, tambayar farko da ake jefa wa mai sayarwa ita ce, "Doki nawa ce?" Da an ji 450 ko 500 sai hankali ya kwanta. To a nan kuskure na farko yake, domin ƙarfin doki shi kaɗai ba ya gaya maka ko motar za ta iya tashi da lodi daga tsaye.

Abin da ke tayar da kaya shi ne ƙarfin murɗa, wanda bakanike ke kira tok. Duba mai kwance noti a tayar tirela. Ya sa sifana ya danna, notin ya ƙi. Sai ya zura dogon bututu a hannun sifanar, ya hau kai ya taka, nan take ka ji ƙaƙas, notin ya saki. Nauyinsa bai ƙaru ba, tsawon hannun ne ya ƙara murɗar. Ana auna ta da nuton-mita, a taƙaice Nm. Ka rataya kilo 10 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, ka samu kusan Nm 100. Injin tirela mai Nm 2,000 kuwa tamkar kilo 200 ne a kan wannan sandar.

Shi ƙarfin doki, murɗar nan ce aka ninka da saurin juyin inji. Ka ninka Nm da yawan juyi a minti ɗaya, ka raba da 9,549, ka samu kilowat, wato wat dubu, kuma doki ɗaya kusan wat 746 ne. Shi ya sa ƙaramar motar tsere da tirela za su iya zama doki 450 dukansu. Ta tseren sai ta yi juyi 7,000 a minti kafin ta kai haka, murɗarta a lokacin ba ta wuce Nm 460 ba. Tirelar kuwa a juyi 1,800 take bayar da shi, da murɗa kusan Nm 1,780. Saboda haka kada ka tsaya a "doki nawa". Tambayi Nm nawa, kuma a wane juyi take zuwa. Murɗar injin dizal mai kyau tana cika tun wajen juyi 1,000, ta zauna daram har wajen 1,400.

Akwai kuma waɗanda suka ji wannan bayani suka zarce, suka ce ai doki ba komai ba ne, murɗa ce magana. Su ma sun kauce. Murɗa ana iya ninka ta da giya, doki kuwa ba a ninka shi. A ce giya ta ɗaya tana rage juyi sau 15, giyar ƙafar baya ta ƙara ragewa sau 3: Nm 2,000 ya zama kusan 90,000 a taya, sai dai motar tafiyar hawainiya take yi. Da zarar kana son ka hau tudu kuma da gudu, doki ne zai biya. Mota mai tan 40 a kan hawan da ke tashi mita 5 a kowace mita 100, tana gudun kilomita 60 a awa, tana cin doki kusan 440 don hawan kawai, ban da turjiyar iska da ta taya. Idan injinka 300 ne, hawa za ka hau, amma sai ka sauko da giya ka haƙura da gudun. Ba laifin direba ba ne, lissafi ne.

Sai batun lita. Wasu suna ɗauka "inji mai lita 13" na nufin man da yake sha ko baƙin man da ake zuba masa. A'a, yawan sararin da fistin ke sharewa ne a cikin silinda daga sama zuwa ƙasa, a haɗa na dukkan silindodin. Mai silinda shida da lita 13, kowace tana da lita biyu da ɗan ɗoriya. Kuma girman lita ba ya yanke hukuncin ƙarfi kamar da, tunda turbo na cusa wa inji iska fiye da wadda zai shaƙa da kansa. Injin Volvo D13 guda ɗaya ana fitar da shi a doki 420, 460, 500 da 540, litarsa ba ta canza ba. Babban inji yana da ranarsa, kamar V8 ɗin Scania, wato injinsu mai silinda takwas, mai lita 16.4 da ya kai doki 770 da Nm 3,700, amma wannan na masu jan kaya na fitar hankali ne. Wanda lodinsa matsakaici ne ya saye shi, nauyin ƙarfe kawai ya ƙara wa kansa. Af, lambar da ke jikin ƙofa ma tana rikita mutane: 1845 a jikin Actros, babbar motar Marsandi, ba lita ba ce, nauyin tan 18 ne da doki wajen 450.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi, a ganina, a bayan sitiyari ake yin sa, kuma fuska biyu gare shi. Wani direban yakan take totur har allurar agogon juyi ta kusa jan layi, yana jin rurin inji yana cewa mota na ja. Alhali ya wuce inda murɗar take, mai kawai yake ƙonawa. Wani kuma ƙyuya ce ke hana shi canza giya: yana kan tudu da babbar giya, allura ta faɗo ƙasa da 900, gaban mota na karkarwa, salansa na aman baƙin hayaƙi, allurar zafi na hawa a hankali. Wannan yana dukan fistin da beyarin a kowane juyi. Maganin duka biyun yana gabansu a kan agogon, wato koren yankin nan da masu ƙera motar suka shafa. Ka riƙe allura a ciki, ka sauko da giya tun kafin ka shiga hawan, ba sai motar ta fara shaƙewa ba.

Idan kuma mota ta rage ja, kada a yi saurin cewa inji ya mutu, ko a kai ta a buɗe mata famfon mai. Ƙarin man da ba shi da iskar ƙonewa hayaƙi da zafi yake zama, kuma kuloci da akwatin giya suna da iyakar Nm ɗin da aka ƙera su a kai. A fara da matatar iska, a duba matatar mai, sannan a bi robobin da ke kai iska daga turbo zuwa inji da hannu, inji na kashe, a nemi tsaga ko maɗaurin da ya saki.